Saita Babur Mai Injekta a Zariya: Yadda Zai Ƙara Ja, Ya Rage Shan Mai

Babur ɗin da nake hawa na hannu ne, mai injekta. Ban cika wata guda da shi ba ya fara mutuwa a silo duk sa'ad da na tsaya a cunkoson Kwangila. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Na tura shi wani gareji, yaron da na tarar ya ɗauko sukundireba ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin tanki.

"Oga, ina sukurun mai yake?"

Na ce, "Ai wannan ba shi da kafireto."

Ya ce to. Kafin in ankara ya kama wani ɗan sukuru mai ɗigon fenti a kai ya murɗa shi. Silo ya tashi, babur ya daina mutuwa, na biya na tafi ina murna. Ba a yi mako ba na ga tanki yana saurin sauka, babur yana fizga in na taso daga tsaye. Da na kwance shi da kaina a gida, abin da na tarar shi ne ƙura da tururin baƙin mai sun haɗu sun toshe 'yar hanyar iskar silo, baƙi ƙirin kamar kwalli. Wanki kawai take so. Shi kuwa sukurun da aka murɗa, kamfani ne ya saita shi ya ɗiga masa fenti don kada a taɓa, domin daga nan kwamfutar babur take gane cewa totur a rufe yake.

Ban ga laifin yaron ba. A kan Boxer da Jincheng ya koyi aiki, kuma a nan gwani ne. Sai dai kafireto da injekta ba hanyarsu ɗaya ba. Kafireto da kunne da sukundireba ake saita shi. A mai injekta kuwa, kwamfutar da makanikai ke kira birenbos ita ke yanke yawan man da zai shiga inji, kuma ba ta ganin komai, sai abin da sensoci suka gaya mata. In sun faɗa mata gaskiya, ba hannun da zai kai ta iya awo. In sun yi mata ƙarya, a kan ƙaryar za ta yi lissafi. Don haka mafi yawan aikin saita irin wannan babur ba cikin birenbos yake ba, yana wajen tabbatar da cewa labarin da ke isa gare shi daidai ne. Taɓa taswirar mai, wato jadawalin da birenbos ke bi wajen ba da mai, shi ne na ƙarshe, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba.

Maganar ta zama dole a yanzu. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, kowace lita sai an ji ta a aljihu. Ga kuma baburan suna sauyawa. Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi a Afrilu 2020, kamfanoninta suka koma injekta a mafi yawan baburan da suke sayarwa a can, Turai da Japan kuwa sun riga ta. Manyan Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki na hannu da matasanmu ke hawa, galibin na wannan zamanin masu injekta ne.

Abin da birenbos ke saurare

Fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, bisa nauyi. In lambar ta sauka zuwa 13 ko 12, mai ya yi yawa ke nan. In ta haura zuwa 15.5 ko 16, mai ya yi kaɗan. Inji ya fi ba da ƙarfi a wajen 12.8 zuwa 13.2, ya fi tsimi a 14.7 ko ɗan sama da haka. Duk abin da za mu yi, neman lambar da ta dace ne a inda ta dace: tsimi a tafiyar yau da kullum, ƙarfi idan an murɗe totur.

Famfon da ke cikin tanki yana tura mai da matsi tsayayye, injekta kuma ƙofa ce da birenbos ke buɗewa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tsawon buɗewar yana ɗaukarsa ne daga sensar totur wadda littafi ke kira TPS, da sensar matsin iska wato MAP, da ta zafin iska, da ta zafin inji, da ta juyin karanshaf, sai sensar oksijin da ke jikin salansa tana shinshinar hayaƙi.

Akwai abin da ya shafe mu a nan Zazzau. Garinmu ya ɗara teku tsawo da fiye da mita 600, saboda haka iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 7 cikin 100, in bazara ta kankama zafi ya doshi digiri 40 sai ta ƙara sauƙi. Birenbos yana rage mai da kansa ya daidaita haɗin, amma ba zai ƙirƙiro iskar da babu ba. Wanda ya gwada babur a Legas ya kawo shi Zariya ya ji ya ɗan rage ja, ba lallai wani abu ya lalace ba.

Mataki na farko: auna kafin ka taɓa komai

Ka cika tanki a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, babur a miƙe, zuwa alama ɗaya a wuyan tanki. Ka mai da mitar tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka ta kullum, ko daga cikin Birni zuwa Samaru ne ko Tudun Wada zuwa PZ. In tanki ya wuce rabi ka koma ka cika, ka raba kilomita da lita. A ce ka yi kilomita 180 ka zuba lita 5, kilomita 36 ke nan a lita. Ka maimaita sau uku, don cika ɗaya ba ya faɗin gaskiya.

Ja kuma ga yadda ake auna shi ba tare da na'ura ba. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya da sassafe kafin motoci su fito, ka ɗaure waya tana ɗaukar bidiyon mita, ka sa giya ɗaya, misali ta huɗu, ka buɗe totur daga gudun 40 zuwa 80. Ka yi zuwa ka yi dawowa saboda iska da gangara. A gida sai ka ƙirga daƙiƙoƙin ka rubuta. Jiki yana ruɗin mutum, musamman in salansa ta ƙara ƙara. Takarda ba ta ruɗi.

Mataki na biyu: wuta

Babur mai kafireto yana tashi da kik ko batir ya mutu murus. Mai injekta da wuta yake rayuwa: famfo, injekta, sensoci, duk a kanta suke. Ka sa mitar awon wuta a kan batir bayan babur ya kwana. Bolt 12.6 ko kusa da haka shi ne cikakke, ƙasa da 12.4 yana son caji. In ka danna sitata kada ya faɗi ƙasa da bolt 10. In inji na aiki ka ɗan ba shi totur, ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ya gaza ko ya zarce, ka duba caja kafin komai.

Sannan ka bi wayar da ta tashi daga kan batir zuwa jikin babur, ka kwance, ka goge tsatsa, ka ɗaure tamau. Ka duba ko wani mai rewaya ya taɓa yanka waya ya jona ƙarin fitila, rediyo ko cajar waya. Wayoyin sensoci bolt 5 kacal suke ɗauka, jona musu wani kaya yana karkatar da labarin da suke kaiwa. Kada a cire kan batir inji yana aiki, dabarar da ake yi don gwada caji, tana iya ƙona birenbos. In za a yi walda a jikin babur, a cire batir a zare soket ɗin birenbos tukuna. A wurin wanki kuma ka hana su saita ruwa mai ƙarfi a kan soket-soket.

Mataki na uku: iska, kuma a nan ƙurar hunturu ke cin mu

Littafin babur ya ba da nisan da za a yi kafin a sauya filtar iska, amma wanda ya rubuta shi bai san hanyar ƙasa ta bayan Basawa a watan Janairu ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ni duk mako biyu nake buɗe akwatin filta. In ta takarda ce, ka ɗaga ta ga hasken rana. Haske bai ratsa ba, ka sauya. Kada a wanke ta da fetur. Akwai kuma ta takarda mai ɗan maiƙo da Honda ke sa wa baburanta da dama, ita ko hura mata iska ba a yi, sai sauyi. Ta soso ana wanke ta, a bar ta ta bushe, a shafa mata man filta kaɗan a matse.

Ga gwajin da na fi ba muhimmanci. Bayan ka cire filta, ka sa yatsa ka shafa cikin akwatin ta ɓangaren da iska ke wucewa zuwa inji. Ya kamata yatsanka ya fito fes. In ya fito da jar ƙura, to iska tana kewaye filtar ta gefe, ko robar bakin ta saki ko murfin bai zauna ba. Wannan ƙurar ita ke cinye fiston da zobbansa sannu a hankali. Saboda haka ba na goyon bayan cire akwatin filta a sa 'yar buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari. Ƙara take bayarwa da yawa, ƙarfi kaɗan, kuma a ƙasarmu kuɗin inji za ta jawo maka.

Daga nan sai maƙogwaron totur. Ka cire shi, ka fesa man wanke shi a tsumma mai tsabta ka goge bakin faifan da kewayensa, ka wanke hanyar iskar silo har ka ga haske ta ciki. Kada ka fesa kai tsaye a kan sensoci, kada ka kwance TPS in ba dole, kuma sukurun nan mai fenti ka bar shi yadda ka same shi. Ka lanƙwasa robar da ta haɗa maƙogwaro da kan inji ka duba tsaga, domin zafinmu yana busar da ita. In ta tsage, iskar da birenbos bai san da ita ba tana shiga, silo ya riƙa hawa da sauka. Babur mai silinda biyu ko huɗu yana buƙatar a daidaita zuƙar kowace silinda da agogon awo, ba da kunne ba.

Mataki na huɗu: mai

Ka murɗa makulli ka kasa kunne. Za ka ji famfo ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu ko uku ya yi shiru. In kukan ya yi rauni ko yana gurnani, ka auna matsinsa. Ƙananan Honda da yawa kPa 294 suke so (kPa ma'aunin matsi ne), wasu kamfanonin lambarsu daban, littafin babur ɗinka ne alƙali. Matsi ya ragu, mai zai yi kaɗan a daidai lokacin da ka buɗe totur, babur ya riƙa shaƙewa a gudu alhali a silo lafiya lau yake. Sau da yawa ba famfon ne ya mutu ba, 'yar ragar da ke gindinsa ce ta toshe. Kafin ka zare tiyon mai ka cire soket ɗin famfo, ka tada inji har ya mutu da kansa, don matsin ya sauka kada fetur ya fesa maka a ido. A fili ake wannan aiki, nesa da mai shayi da mai walda.

Ramukan bakin injekta sun fi kan allura ƙanƙanta. Kada wani ya zura musu waya ko tsinke da sunan sharewa, in ramin ya buɗe ya buɗe ke nan. Da na'urar wanki mai girgiza ruwa ake wanke ta, irin wadda masu gyaran injektar mota ke da ita. Bayan wanki feshinta ya fito kamar hazo, in ta rufe kuma kada ta ɗiga. In ka auna injekta da mitar awon wuta, tana nuna om 10 zuwa 13 a galibinsu. Ka sa sabon zoben roba wajen mayarwa.

Man bumburutu na cikin galan shi ne babban abokin gabar wannan tsari. Ruwa, tsatsa, wani lokaci har da kananzir, kafireto yana haɗiye su ya yi tari ya wuce, injekta ba ta iyawa. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Fabrairu 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol ƙasar nan, sun san irin ɓarnar da gurɓataccen mai ke yi wa inji. In dole ta sa ka saya, ka zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyu. Ruwa yana kwantawa a ƙasa ka gan shi. Kuma ka daina yawo da ɗigon mai a tanki. Fetur ɗin da famfo ke ciki shi ke sanyaya shi. Na san halin da ake ciki, amma famfo ya fi 'yan litocin nan tsada.

Mataki na biyar: fulogi da bawul

Ka sa fulogin da littafi ya ce, mai harafin R a lambarsa, don shi ke hana tartsatsi rikita birenbos. Jabu sun cika kasuwa, ka saya inda ka yarda da shi. Bawul kuwa inji a sanyaye ake auna gibinsa. In ya matse, babur yana wahalar tashi da safe, yana mutuwa a silo, zuƙar inji ta raunana, MAP ta kai labarin cewa inji yana ɗauke da kaya, birenbos ya ƙara mai. Mutum ya yi ta zargin kwamfuta alhali bawul ne. Baƙin mai ka sa mai alamar JASO MA in kulocinka a cikin mai yake, na mota yana sa shi santsi.

Mataki na shida: ka tambayi babur da kansa

Fitilar inji da ke kan mita magana take yi. A Honda, doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya. Ƙiftawa 7 zafin inji, 8 sensar totur, 9 zafin iska, 12 injekta, 21 sensar oksijin. Yamaha lambobinta daban: 12 karanshaf, 15 totur, 22 zafin iska, 24 oksijin, 30 kuma babur ya faɗi. Lambar tana nuna layin da matsala take ne, ba ta ce sensar ta mutu ba. Ka duba soket da waya kafin ka kashe kuɗi. Ɓera ma yana cin waya.

In ka sami sikana mai nuna abin da sensoci ke faɗa a take, ka yi wannan gwaji da asuba kafin ka tada inji. Murɗa makulli kawai. Zafin inji da zafin iska su zo kusan ɗaya, su kuma yi daidai da sanyin garin. MAP ta nuna wajen kPa 93 zuwa 95, matsin iskar Zariya ke nan. In ka ga 101 kamar kana bakin teku, ko 80, akwai magana. Ka murɗa totur a hankali, TPS ta hau daga wajen rabin bolt zuwa kusan 4.5 ba tsalle ba yankewa. Sannan ka tada inji ya yi zafi, sensar oksijin ta riƙa lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In ta tsaya wuri ɗaya ko tana jan jiki, ta gaji, ko kuma gam ɗin silikon da aka shafa a wani wuri ya kashe ta.

Wadda na fi so ka sa wa ido ita ce sensar zafin inji. Inji mai sanyi ƙarin mai yake so, kamar an ja cok. In sensar ta ci gaba da cewa da sanyi alhali inji ya gasu, babur zai yini da cok a jaye, fulogi baƙi, hayaƙi na warin fetur, kuma wani lokaci fitila ba za ta kama ba, don lambar da take bayarwa ba ta fita daga iyaka ba.

Ka sake awon mataki na farko. Mutane da yawa a nan aikinsu ya ƙare, babur ya dawo yadda kamfani ya yi shi, kuma kamfani ya riga ya saita shi a kan tsimi.

Mataki na bakwai: taswirar mai

Wanda ya sauya salansa, ko filta, ko ya taɓa cikin inji, shi ke da dalilin shiga nan. Taswira jadawali ce a cikin birenbos: gefe ɗaya juyin inji, ɗaya gefen buɗewar totur, kowane gida yana ɗauke da yawan man da za a bayar. Hanya biyu ake taɓa ta. Ko a jona ƙaramin akwati tsakanin birenbos da injekta yana ƙarawa yana ragewa, kamar Power Commander na kamfanin Dynojet, ko a sake rubuta birenbos ɗin kansa da manhaja, kamar Woolich Racing ga manyan baburan Japan, ko TuneECU ga wasu Triumph da KTM. Akwatin ya fi sauƙin cirewa in abu ya ɓaci. Sake rubutu ya fi zurfi, ya fi haɗari. 'Yan ƙananan na'urorin nan masu araha da ake tallatawa a intanet cewa suna ƙara ƙarfi nan take, da yawansu ƙarya kawai suke yi wa birenbos cewa iska ta yi sanyi don ya ƙara mai ko'ina. Araha ba ta ado.

Da farko ka kwafe taswirar asali ka adana ta wuri biyu, kwamfuta da waya. Batir ya kasance cike, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu birenbos na iya mutuwa.

Na biyu, sai da ma'auni. Sensar oksijin ta kamfani ba ta san komai ba sai "ya yi yawa" da "ya yi kaɗan" a kewayen 14.7. Kana buƙatar mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9, da agogonta mai adana bayanai. A yi mata mazauni a bututun salansa kafin tukunya, ɓangaren da wayarta take ya ɗan kalli sama don kada ruwa ya kwanta mata. Baburan da yawa suna da bututun da ke tura iska cikin hayaƙi don rage gurɓata; ka toshe shi lokacin awo, in ba haka ba agogo zai ce mai ya yi kaɗan alhali ba haka ba ne, ka yi ta ƙara mai a banza. Salansa mai yoyo a gaɓa ma haka take ruɗi.

Na uku, ka san inda hannunka zai yi tasiri. A silo da tafiyar sannu, birenbos yana bin sensar oksijin ta kamfani yana mai da haɗin 14.7, duk abin da ka ƙara a nan zai goge shi. Wasu suna cire sensar don su sami iko. In tsimi kake nema, ka bar ta, nan ne kake yin mafi yawan tafiyarka. Aikinka yana daga wajen rabin totur zuwa sama, inda birenbos ke bin taswira kawai. Ka nemi wajen 13.5 a tsakiya, 12.8 zuwa 13.2 a cikakken totur. Injin da iska ke sanyaya shi, a zafin Afrilu, gara ya karkata zuwa 12.6 ko 12.8, ƙarin man yana rage masa zafi.

Lissafin ba wuya. Ka raba abin da agogo ya nuna da abin da kake so. Ya nuna 14.0 kana son 13.0, sakamako 1.077, wato gidan yana son ƙarin kusan kashi 8 cikin 100. Kada ka zuba duka. Ka ƙara 4, ka sake gwadawa, ka sake lissafi. Ka gyara gidajen da ke maƙwabtaka don kada wani ya yi tsini a tsakaninsu, tsinin nan shi ake ji kamar fizga. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane zagaye, a rubuta.

In kana da hanyar kaiwa ga na'urar da ake ɗaure babur a kai a gwada ƙarfinsa a tsaye, ita ta fi. In a titi za ka yi, ina roƙonka ka sa hular kwano, ka bar agogo ya adana bayanai ka karanta a gida, kada ka kalle shi kana gudu. Ba a cikin gari ba, ba gaban makaranta ba, ba tsakanin tireloli a hanyar Kaduna ba. Mun yi jana'izar matasa da yawa a garin nan saboda babur.

Saitin lokacin tartsatsin fulogi kuwa shawarata ka bar shi. Taswirorin da ake saukewa daga intanet an yi su ne don fetur mai lambar ƙarfi (oktan) 95 ko 98 da sanyin Turai, mu kuwa a mafi yawan gidajen mai iri ɗaya ake sayarwa, ba zaɓi. In aka matso da tartsatsi gaba fiye da ƙarfin man, za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka buɗe totur a babbar giya. Ka ji wannan, ka saki totur nan take ka koma taswirar baya, fiston ne ke shan duka.

Ita kuma harbe-harben da salansa ke yi in an saki totur, wadda wasu ke biya a sa musu, mai ne ake ƙonawa a bututu, ba ya tura taya ko taku ɗaya, ga tada maƙwabta da marasa lafiya.

Abin da ya rage a wajen inji

Iskar taya ka duba ta da safe duk mako, da lambar da ke manne a jikin babur. Sarƙa ta sami mai da sassaucin da aka rubuta; ƙura da baƙin mai suna zama mata kamar dutsen wasa, sai an wanke kafin a shafa sabo. Ka ɗaga taya ka juya ta da hannu, in birki na riƙe ta, man ka yake sha.

Mai yawan doguwar tafiya, Kano ko Funtuwa, zai iya ƙara haƙori ɗaya a sifiroket na gaba. Daga 15 zuwa 16 yana rage juyin inji da kusan kashi 6 cikin 100 a gudu ɗaya, sai dai tashi daga tsaye zai ɗan yi nauyi, bai dace da mai ɗaukar kaya ba. Ka lura, in mitar babur ɗinka daga giya take karatu, sauyin zai sa ta ƙirga kilomita ƙasa da gaskiya, sai ka auna nisan da taswirar waya kafin ka yi lissafin lita.

Sai ɗabi'ar da muka gada daga kafireto, ta kashe inji ko jefa babur a firi a gangara. A mafi yawan masu injekta, in ka saki totur kana cikin giya inji na juyi sama da silo sosai, birenbos yana yanke mai gaba ɗaya, taya ce ke juya inji. In ka jefa a firi kuwa dole ya ba da man silo, ga shi ka rasa riƙon inji. Ɗumama babur na minti goma da safe ma ba ya buƙata; ko a sanyin Disamba minti ɗaya ya isa, sai ka tashi a hankali har ya ɗau zafi.

Wanda ya taɓa taswira a hunturu, ya mai da agogon awo jikin salansa in Afrilu ta zo, ya sake duba gidajen cikakken totur da tsakar rana.